Alcide Batiste, Yaron Da Ya Tare Wa Ɗana Duka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya yi wa Alcide Batiste rasuwa a garinsu da ke kudancin jihar Louisiana ta Amurka, yana da shekara talatin da biyar a duniya. Matarsa Shavonne ce ta sanar da ni. Ina ƙofar gida da shebur a hannu, ina kwashe dusar ƙanƙarar da ta rufe matakala, sai waya ta yi ƙara a aljihun rigar sanyina. Ta ce, "Mama Tine, Alcide ya tafi." Na ce ya tafi ina kuma? Don a 'yan shekarun nan yakan fita ya ɓata hanyar gida, sai an bi shi da mota an dawo da shi. Sai numfashinta kawai nake ji. A nan na gane.

A kicin ɗin gidan abincinsa ya faɗi. Ya ɗora tukunya, bai kai ga kunna wuta ba. Likitoci sun ce zuciya ce ta tsaya.

Sunana Ernestine Ledbetter, ni ce mahaifiyar Corwin Ledbetter, mai jifa a ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin nan, irin ƙwallon da ake jifa da hannu ana karo da jiki. Ni ba marubuciya ba ce, raba wasiƙu na yi a gidan waya har na yi ritaya. Amma tun ranar da labarin ya zo na kasa zama wuri ɗaya. Na goge murhu, na wanke labule, na fitar da kayan kabad na mayar. In na zauna sai in sake miƙewa. Fastonmu ne ya ce in sami takarda in zuba abin da ke cina. Ga shi ina rubutawa a tsaye, a kan teburin kicin.

Alcide, kai ka san yadda muka haɗu. Bari in faɗa saboda waɗanda ba su sani ba, da kuma 'ya'yanka, in sun girma sun ga wannan takarda.

Shekara guda kafin zuwanka ƙungiyar ta ɗauki Corwin. Yaro ne ɗan ashirin da biyu, dogo siriri, aka danƙa masa ƙwallo aka ce shi zai fitar da gari kunya. Amma ba su ba shi mataimaki ba. Babu mai gudu da ƙwallo na kirki a gefensa, saboda haka duk ƙungiyar da suka haɗu da ita ta san abu ɗaya ne zai faru: yaron zai ja da baya ya nemi wanda zai jefa wa. Sai su sako masa ƙartinsu gaba ɗaya, babu wanda ke tsayawa tsaron wani abu. Na ga an daka ɗana da ƙasa har na daina ƙirgawa. Kafin kakar wasa ta ƙare haƙarƙarinsa ya tsage, kuma wata Litinin na shiga banɗakinsa na tarar ya yi fitsarin jini bai gaya wa kowa ba. Ya zama in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya duƙar da kai. Mahaifinsa Lemuel ya daina zuwa filin wasa, ya ce shi ba zai biya kuɗin ajiye mota don ya kalli ana kashe masa ɗa ba.

Da watan Afrilu ya zo, lokacin da ƙungiyoyi ke zaɓar sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, duk garin nan mutum ɗaya yake so: wani yaro mai cafe ƙwallo daga babbar jami'a, mai tsalle kamar barewa, wanda hotonsa ke kowace jarida. A shagon aski maganarsa ake, a rediyo maganarsa ake. Ƙungiya ta wuce shi ta ɗauki wani ƙato na layin gaba, inda ake ture-ture, gari ya yi ta zagi. Kashegari, a zagaye na uku, ina zaune da ƙanwata Verna muna kallo, aka kira sunanka. Mai sanarwa ma bai iya faɗinsa daidai ba. Mutanenmu da ke zauren suka ɗauki ihun ba ma so.

Verna ta ce, "Wane ne kuma wannan? Sunan mutum ne ko na maganin tari?"

Sai aka hasko wani ƙaramin falo cike da jama'a. Ga wani gajere kakkaura, wuyansa da kansa faɗi ɗaya, ya sungumi wata 'yar ƙaramar mata yana juyi da ita, ita kuma tana ƙwala masa ludayi a kafaɗa ya sauke ta. Mai sharhi ya ce wannan mai gudu da ƙwallo ne daga wata ƙaramar jami'a, an ɗauko shi don ya rage wa Ledbetter duka. Aikinsa biyu ne. Ya rungume ƙwallo ya kutsa tsakiyar ƙarti, har su ji tsoronsa su daina rugowa kan mai jifa. In kuma jifa za a yi, ya tsaya kusa da Corwin ya tare duk wanda ya ɓalle. Da na ji haka na miƙe tsaye, shayin da ke cinyata ya zube a kan kafet. Har yau tabon yana nan.

Lahadin farko da Corwin ya kawo ka gidan nan, ka cire hula tun daga bakin titi. Ka gaishe da Lemuel da hannu biyu. Na zuba maka shinkafa da wake da soyayyar kaza, ka kai loma ɗaya, ka tauna a hankali, sannan ka dube ni da ladabi.

Ka ce, "Mama Tine, wannan waken laifin me ya yi aka hana shi yaji?"

Corwin ya ce, "Kai, gidanmu ka zo fa!"

Ka ce, "Yi shiru, Yarima, da manya nake magana." Ka sa hannu a aljihun kwat ka fito da 'yar kwalbar yaji ta mahaifiyarka, ka ajiye a tsakiyar tebur kamar kyauta. Lemuel ya yi dariya har ya sarƙe. Ka cinye, ka nemi ƙari, ka sake nema, sannan ka tashi ka wanke kwanuka duk da na hana ka.

Daga ranar kake kiransa Yarima, wai don shi ake wa hidima kuma rigarsa ba ta ɓaci. Shi kuma ya sa maka Turmi, don gajartarka da kaurinka. Ban taɓa jin kun kira juna da sunan gaskiya ba sai a coci.

Abin da aka ɗauko ka dominsa ka yi shi. Kafin tsakiyar kakar nan, waɗanda suka yi maka ihu sun koma sayen riga mai lambarka. Ba ka da gudun burgewa, amma in ka sunkuya da ƙwallo sai an taru a kanka kafin ka faɗi, kuma ko ka faɗi gaba kake faɗuwa. Ƙartin da a da ke rugowa kan Corwin suka fara jinkiri, suna duban ko kai za a miƙa wa. Wannan ɗan jinkirin shi ne duk abin da ɗana ke bukata. Ya fara tsayawa da ƙafafunsa, ya fara ganin fili, jifansa ya miƙe. Lemuel ya dawo filin wasa. Jaridu suka yi ta rubutu a kan yadda Ledbetter ya girma, a can ƙasan shafi kuma su ambaci sunanka.

A watan Disamba na wannan shekarar mahaifiyarka Odile ta zo kallonka karo na farko. Ita ce matar nan mai ludayi. Ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, na ara mata rigar sanyin Lemuel ta sauko mata har ƙwauri. Muka zauna kusa da juna. Ana cikin wasa Corwin ya ja da baya zai yi jifa, wani ƙato ya ɓalle ta bayansa inda ba ya gani, a guje, babu kowa a gabansa. Na miƙe tsaye. Ban san daga ina ka ɓullo ba. Ƙarar haɗuwarku har inda muke zaune aka ji ta. Ƙwallo ya tashi, aka cafe, fili ya kaure da sowa, ni ma na yi tsalle na rungume wani da ban sani ba.

Da na juyo, Odile tana zaune ba ta motsa ba. Ta damƙe kujerar gabanta. Kana kwance rub da ciki. Can ka yunƙura ka tashi, ka nufi ɓangaren abokan hamayya, sai da alƙalin wasa ya kama kafaɗarka ya juyo da kai.

Na ce, "'Yar'uwa, kin ga jifan nan kuwa?"

Ta ce, "Ban gani ba. Ni ban taɓa kallon ƙwallon ba tun yana makarantar sakandare. Shi nake kallo, in ga ko zai tashi."

Bayan wasa kuka fito kuna raha. Corwin yana tsokanarka wai ka je neman aiki a wancan ɓangaren. Ka ce ai ka je ka duba lafiyar mutumin ne, don ka ji wani abu ya fashe kuma ba a jikinka ba ne. Kowa ya yi dariya. Odile ta sa tafin hannunta a goshinka kamar mai duba zazzaɓi.

Alherinka gare mu bai tsaya a fili ba. Lokacin da Lemuel ya sami shanyewar ɓarin jiki, ɗakin kwananmu a sama yake, shi kuma ya rantse ba zai kwana a falo kamar baƙo a gidansa ba. Corwin ya ce a ɗauko ma'aikaci, Lemuel ya kori mutum biyu. Kai ba ka nemi izinin kowa ba. Kana tashi daga atisaye sai ka biyo, gwiwoyinka ɗaure da ƙanƙara, ka durƙusa a gaban kujerarsa ka ce, "Baba Lem, motar haya ta iso, hau mu je." Ka goya shi ka hau da shi. Yana bayanka yana zaginka da rabin bakinsa, wai kana girgiza shi kamar tsohuwar akori-kura, kai kuma kana ce masa fasinja mai surutu kuɗinsa ninki ne. Kai ka riƙa yi masa aski. Kai ka gano cewa in an kunna masa waƙoƙin coci na dā yana iya bi da baki ko da magana ta gagara. Ranar da ya cika, Corwin yana can wani gari ana ba shi lambar yabo, jirgi bai iso da shi a kan lokaci ba. Hannunka Lemuel ya riƙe.

Kuma ba ka son sanyi ko kaɗan. Duk da haka duk ranar da ƙanƙara ta sauka zan ji shebur na kartar siminti a waje, in leƙa in gan ka cikin rigunan sanyi biyu, kana mita da yaren garinku, kana share mini hanya.

Kakar wasa shida ka yi mana. A ta ƙarshe gwiwarka ta hagu ta tafi, aka yi aiki, ba ta dawo daidai ba. Da bazara aka kira ka ofis aka gode maka, sannan a zaɓen Afrilu aka ɗauko wani sabon yaro, Marquel Ivey, ɗan ashirin da ɗaya, gwiwoyinsa sababbi. Haka sana'ar take, kowa ya sani: mai jifa yakan kai kusan arba'in yana wasa, mai gudu da ƙwallo kuwa kafin talatin an gama da shi. Corwin ya zo nan ransa a ɓace, ya ce zai je ya gaya musu in babu kai shi ma ba ya yi. Kana zaune a wannan teburin, ƙafarka a miƙe kan kujera.

Ka ce, "Zauna, Yarima. Ni na ci duka shekara shida don ka tsaya da ƙafarka, yanzu ka ce za ka zubar mini da wahala? In ka kuskura, da sandar nan zan rama duk wanda na tare maka."

Ba ka koma gida nan da nan ba. Ka nemi Marquel, yaron da ya karɓe maka aiki, ka riƙa ɗaukarsa zuwa filin makarantar da ke bayan cocinmu duk tsawon rani. Ina wucewa in gan ka kana ɗingishi kana yi masa tsawa. "Ɗaga kanka! Kafaɗa ake sawa, ba ƙoƙon kai ba! Ni da ƙoƙon kai na riƙa shiga, kada ka yi irin tawa." Na tambaye ka me ya sa kake wahalar da kanka a kan wanda ya ture ka. Ka ce, "Mama Tine, shi ba ruwansa, kiransa aka yi kamar yadda aka kira ni. Kuma Yarima ba ya waiwaye. In yaron nan bai iya ba, wa zai gaya masa ana zuwa?"

Sannan ka tattara Shavonne da yara kuka koma kudu, ka buɗe gidan abinci a bakin ruwa, kana sayar da miyar kuɓewa da jatan lande da burodin masara. Na yi murna. Na ce ka tsira da sauran jikinka.

Abin ya fara a hankali. Ciwon kai da ke sa ka rufe labule da rana tsaka. Mantuwar inda ka ajiye mota. Shavonne ta ce wani lokaci kan ƙaramin abu sai ka hau faɗa har yara su ɓuya, kai da ban taɓa jin ka ɗaga wa mace murya ba, bayan nan kuma ka zauna a matakala kana kuka kana ba su haƙuri. Wata rana da la'asar ka kira ni, muryarka wasai, ka ce in ba ka Baba Lem kana da labarin da zai sa shi dariya. A lokacin ya shekara huɗu a ƙasa. Sai na ce yana hutawa. Ka ce, "To kada ki tashe shi, zan sake kira." Na ajiye wayar na fita na yi ta zagaye unguwa har ƙafata ta gaji.

Corwin ya kai ka wurin likitoci a garuruwa daban-daban. Kowanne ya ce yana zargin dukan da kanka ya sha ne, amma ba za a tabbatar ba muddin mutum yana raye.

Ganina da kai na ƙarshe a watan Nuwamba ne, lokacin bikin godiya na shekara, da na zo gidanka. Kai ka yi girki. Ka sa gishiri, ka manta ka sake sawa, muka cinye babu wanda ya nuna. Bayan cin abinci muka zauna a baranda ni da kai, rana na sauka a kan ruwa, kuma a ranar hankalinka na tare da kai sosai. Na yi ƙarfin hali na tambaye ka ko kana jin haushinmu.

Ka ce, "Haushin me, Mama Tine? Ni ɗan mai kamun jatan lande, na tsallaka layin cin maki fili guda na kiran sunana. Na gina wa uwata gida. Na sami Yarima, na same ki. Abin da ke ba ni haushi ɗaya ne, jiya na dubi 'yata sunanta ya ƙi zuwa." Ka juya kana kallon tsakar gida, inda ɗanka Remy ke gudu da ƙwallo a hammata, ƙannen Shavonne na binsa. Shekararsa goma, gajere kakkaura, kuma in ya faɗi gaba yake faɗuwa. Ka ce, "Yana so in sa masa hannu ya fara wasa a makaranta. Ke da kika haifi ɗan wasa, me zan ce masa?"

Na ce bari in yi tunani. Ina cikin tunanin ne har ranar Talatar nan da Shavonne ta kira.

Ranar Asabar aka yi jana'izarka. Cocin ya cika har waje, masu kamun kifi da tsofaffin 'yan wasa da matan da ka riƙa aika wa miya kyauta in mazajensu na kwance. A benci na uku na ga maza huɗu zaune a jere, duk gajeru, duk masu kaurin wuya. Marquel ne a farko. Sauran su ne waɗanda suka riƙe aikinka a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa ƙaramin cikinsu da ke riƙe da shi yanzu. Ashe duk wanda aka ɗauko sai ka nemi lambarsa ka kira shi. Da fasto ya ce a miƙe, na ga yadda ukun farko suka tashi: kowa sai da ya dafa bencin gabansa, ya jira gwiwa ta yarda. Babu wanda ya kai talatin da biyar a cikinsu. Duk ɗana suka tsare. Shi kuwa yana tsaye a gaba, miƙe sambal cikin baƙar kwat, ba ya ko ɗingishi.

Kashegari Lahadi akwai wasan sili-ɗaya-ƙwale, jirgin ƙungiya na jiran Corwin. Bayan an dawo daga maƙabarta ya sami Odile a kicin, ya durƙusa a gabanta.

Ya ce, "Mama Odile, ki gaya mini abin da zan yi. In kin ce kada in tafi, ba zan tafi ba."

Ta ce, "Tashi, ɗana, kana ɓata wandonka. Ni ba zan ce maka je ka buga don Alcide ba, wannan maganar 'yan talabijin ce. Ba kuma zan ce ka zauna ba. Na gaji da ƙwallon nan, ban da sauran ra'ayi a kansa. Ka dai ci abinci kafin ka yanke ko me za ka yanke, tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

Ya ci, ya tafi. Na kalli wasan a falonta, ita tana ɗaki ta rufe ƙofa. Ana dab da tashi, ana neman maki kaɗan a yi nasara, wani ya ɓalle ya nufo Corwin, ƙaramin yaron nan da ke riƙe da aikinka yanzu ya shiga gabansa. Aka yi karo, yaron ya kwanta, ya jima kafin ya yunƙura. Koci yana ta ɗaga hannu a yi sauri a jera, lokaci na tafiya. Corwin bai jera ba. Ya nemi a tsayar da wasa, damarsu ta ƙarshe ta tsayar da lokaci ke nan, ya durƙusa ya riƙe hular kwanon yaron da hannu biyu yana duba idanunsa, sannan ya yafito likita da kansa ya ce a fita da shi. Yaron yana turjiya yana cewa lafiyarsa ƙalau. Aka fita da shi. Lokaci ya ƙare musu kafin su kai layin cin maki, aka cire su.

Garin nan ya kwana biyu yana zaginsa a rediyo. Ranar Laraba ya zo ya zauna a kicin ɗin nan, ya ce ya gaya wa ƙungiya ya ajiye ƙwallo. Na ce ko ɗacin rashi ne, ya bari ya huce. Ya ce, "A'a, Mama. A watan Afrilu za su sake ɗauko wani saboda ni. Ya isa haka."

Na ɗauka in ya daina zan sami natsuwa. Ban samu ba. Ina ta neman wanda zan ji haushi, na rasa. Mutanen da suka zaɓe ka sun yi daidai a aikinsu, har yau ana ba da misali da wannan zaɓen. Kai ka so wasan, ka ci moriyarsa. Ɗana bai roƙi kowa ya tsaya masa ba. Ni kuma uwa ce, na yi murna da zuwanka, kuma da ba ka zo ba ban san a wane hali Corwin zai kasance yau ba. Kowa da gaskiyarsa, ga ka kuma a ƙasa kana da shekara talatin da biyar. Shavonne ta yarda likitoci su binciki ƙwaƙwalwarka, kamar yadda ka roƙe ta tun kana da hankalinka, ka ce ko zai amfani yaran da ke tafe. Sun ce sakamakon zai ɗauki watanni. Remy kuma ya tambaye ni a bakin kabari ko yanzu wa zai sa masa hannu a takardar makaranta.

Ya Ubangiji, ga bawanka Alcide ya zo gare ka. Ka ji ƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, waɗanda ya sani da waɗanda ciwo ya sa shi. Ka ba shi hutun da jikinsa bai samu ba a nan. Ka mayar masa da duk abin da ya ɓace masa, har da sunayen 'ya'yansa. Ka sa alherin da ya yi wa mijina a lokacin rauninsa ya tarbe shi. Ka tsare mazan nan huɗu da na gani a benci na uku, da iyayen da suka haife su.

Shavonne, 'yata, kin riƙe shi a shekarun da babu mai tafa masa, kin rufa masa asiri, kin sha abin da ba kowa ya sani ba. Allah ya saka miki, ya ba ki haƙuri da ƙarfin renon abin da ya bari. Celeste da Remy, mahaifinku mutumin kirki ne tun kafin ciwo, kuma ciwon bai kai ga wannan ba. Allah ya raya ku, ya shirya ku. Ƙofar gidana da ta Corwin a buɗe suke gare ku har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwansa da dukan dangin Batiste, da jama'ar cocinsu, da ma'aikatan gidan abincinsa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Odile, 'yar'uwata, ke ban san da bakin da zan yi miki gaisuwa ba. Na gwada a coci, na gwada a waya, maganar ba ta fito daidai ba. Na rufe gidana, na ba Verna makulli. Jirgina zai sauka ranar Alhamis da rana, kuma ban sayi tikitin dawowa ba. Za mu jira sakamakon likitocin tare, mu kuma san abin da za mu ce wa Remy. Kada ki aiko kowa ya ɗauko ni, na san hanya.

Allah ya ji ƙan Alcide. Amin.